Tirakar Mashin ɗin Yaya

Shekarar da 'yan kabu-kabun Gummi suka fara sa wa mashinansu tiraka, ina zaune a gida ba aiki. Na gama karatun kwamfuta, na gama bautar ƙasa, na dawo ɗakin Inna da jakata da takarduna, kuma duk inda na nemi aiki tambaya ɗaya ake yi mini: me kika taɓa yi da za mu gani? Abin da na iya kuwa binciken manhaja ne. Zan zauna da manhajar da wani kamfani ya ƙera, in bi ta lungu-lungu har in samo inda ta yi ɓaraka, wato inda ɓarawo zai iya kutsawa ya ga abin da bai kamata ya gani ba, sai in rubuta wa masu ita in ce ga matsala ku gyara. Wasu kamfanonin suna ba da tukuici. Wasu suna rubuta sunanka a shafinsu na godiya a intanet, kuma ga mai neman aiki irina wannan ya fi tukuicin amfani, don shi ne shaidar da ake tambaya. Wasu ko amsa ba sa yi. Akwai ma waɗanda godiyarsu ita ce su ce za su haɗa ka da 'yan sanda.

Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. Ranar da na yi mata bayani, ta dube ni ta ce, "Wato ki leƙa gidan mutane, ki hwaɗa musu katangarsu ta tsage, su ba ki goro? Tau Allah shi sa kada wata rana su riƙe ki su ce ke kit tsaga ta." Na yi dariya a lokacin, don ina ganin ta tsufa ne kawai.

Yaya shi ne babban wana, kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Kabu-kabu yake yi tsakanin Gummi da Bukkuyum, ranar da ya sami fasinja mai sauri ya kai shi har Anka. Mutum ne mai babbar murya da son hira, cikinsa ba ya riƙe labari ko na minti ɗaya. A tasharsu ma hakan ake so. Al'adarsu ce duk wanda ya shigo daga hanya ya tsaya ya faɗi abin da ya gani kafin ya sha ko ruwa: inda ya ga sawun mashina sun ratsa cikin gona, inda ya ga kasuwar ƙauye ta watse da wuri, inda ya ga shanu ba makiyayi. Da wannan labarin na baya yake sanin ko ya fita ko ya haƙura. Wanda ya ga abu ya yi shiru, ba duka ba zagi, amma daga ranar ba wanda zai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Da ƙwacen mashin ya yi yawa, sai aka kawo musu tiraka. 'Yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana ba, da layin waya a cikinta, ana ɓoye ta a ƙarƙashin kujera. Tana nuna wa mai mashin inda mashin ɗinsa yake a kan taswira a cikin wayarsa, kuma in an ƙwace, sai ya danna wani wuri a manhajar injin ya mutu duk nisan da aka yi da shi. Yaya ya sayi tasa da kuɗin wake, ya kawo mini wayar yana washe baki.

"Ke 'yar boko, amshi ki saita min abinga. Karatunki shi yi muna rana ko sau guda."

Na saita masa. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan ba. Amma ni ba na iya riƙe manhaja ban leƙa cikinta ba, kamar yadda tela ba ya ganin riga bai juya ɗinkin ba. Na haɗa wayar da kwamfutata don in ga irin saƙon da take aikawa. Kowace tiraka tana da lambarta. Manhajar tana tambayar babbar kwamfutar kamfanin ne cewa ina mai lamba kaza yake, ita kuma ta amsa, ba tare da ta bincika ko mai tambayar shi ne mai mashin ɗin ba. Na canza lambar ƙarshe don in tabbatar. Sai ga wani ɗigo ya fito a taswira yana tafiya a hankali a cikin garin Anka, mashin ɗin wani bawan Allah da ban sani ba, shi ma bai san ina kallonsa ba. Na rufe da sauri. Ƙa'idar aikinmu ke nan: ka tabbatar sau ɗaya, ka janye hannunka daga kayan mutane.

Saura maganar kashe inji, wannan kuwa a mashin ɗin gida kaɗai zan iya gwadawa. Washegari da safe Yaya ya tayar da mashin a ƙofar gida yana ɗumama shi. Na buɗe sabon asusu a manhajar, wanda ba abin da ya haɗa shi da tirakarsa, na aika umarnin. Ina jin ƙarar injin daga tsakar gida, sai ta ɗauke. Na ji Yaya yana buga kik yana tsaki. Na saki injin daga manhajar, mashin ya tashi, Yaya ya kama hanyar Bukkuyum ba tare da ya san komai ba.

Tsoro ne ya kama ni. A wani gari wannan ɓaraka ce kawai, a gyara a wuce. A wurinmu ma'anarta ita ce duk wanda ya gano ta, yana zaune a gindin bishiya a cikin daji da waya a hannu, zai ga mashin ya taso daga Gummi, ya jira shi ya iso daidai inda yake so, ya kashe masa inji. Ɓarayin daji suna da wayoyi, wasu ma sun fi namu tsada. Suna kuma da yara a gari masu yi musu abin da ba su iya ba.

A ranar na rubuta wa kamfanin. Suna can wani babban birni a kudu, suna sayo na'urorin daga waje su manna sunansu. Wani mutum daga cikinsu ya amsa mini cikin ladabi, ya yi godiya, ya ce sun gwada sun ga gaskiyata. Ya ce za su ba ni tukuici, kuma sunana zai hau shafin godiyarsu, bisa sharaɗi biyu: kada in gaya wa kowa har sai sun gyara, kuma kada in sake duba tirakar wani. Na yarda. Ba don tukuicin kaɗai na yarda ba, duk da ba zan yi ƙarya in ce ban yi murna ba, har na fara hango sunana a rubuce da irin wuraren da zan aika shi. Na yarda ne don na san garinmu. Maganar da aka yi a tasha da hantsi, kafin la'asar ta isa daji. A kowace tasha akwai informa, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Kowa ya san akwai shi, ba wanda ya san ko wane ne. In na buɗe baki don in ceci mutane, da bakina zan koya wa ɓarayin abin da ƙila ba su sani ba.

Na ɗauka abin kwana kaɗan ne. Sai damina ta yi nisa ba a gyara ba. Gero ya yi kai, dawa ta fi tsayin mutum a gefen hanya, lokacin da kowa ya fi tsoro ke nan don mutum zai iya tsayawa a bakin titi ba a gan shi ba. Kullum Yaya zai fita da safe, ni kuma zama ya gagare ni. Da yake shi ya ba ni izinin shiga asusunsa, tirakarsa ita kaɗai nake da ikon kallo, sai na mai da kallonta aiki. In ɗauki tsintsiya in ajiye in duba waya. In ɗora tukunya in duba waya. Idan ɗigon yana tafiya, ina numfashi. Idan ya tsaya a tsakiyar hanya inda ba gari, sai in kira shi, ya ɗauka yana faɗa, ashe fasinja ce ta sauka kama ruwa, ko sarƙa ce ta zame. Wani lokacin sabis ne ke ɗaukewa, ɗigon ya daskare wuri ɗaya, wayarsa ba ta shiga, in yi ta zagaye tsakar gida har kaji su gaji da kauce mini.

Na ƙona miya har sau nawa ban sani ba. Inna ta ce, "Wagga ɗiya, ko dai wani na yas sace maki hankali? In saurayi na, hwaɗa min, ai ba laihi ba na." Na ce mata aiki ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin da ke hana mutum cin tuwo ba kuma ba a ga albashi ba.

Na yi ta rubuta wa mutumin kamfanin. Amsarsa kullum mai daɗi ce kuma ba komai a cikinta: injiniyoyinsu suna kan aiki, suna jiran masu ƙera na'urar daga waje, suna godiya da haƙurina. Na bayyana masa irin hanyar da mashinan nan suke bi. Ya ce ya fahimta ƙwarai. Bai fahimta ba. Shi a wurinsa mafi munin abin da zai faru shi ne a sace mashin. Na rubuta masa amsa mai zafi na goge, na sake rubutawa na goge, don mai jiran a sa sunansa a shafin godiya ba ya zagin masu shafin. Wannan ya fi komai ci mini rai, yadda na ga ina lallaɓa mutanen da ya kamata in yi wa ihu.

Na fara neman dabarar da Yaya zai cire tasa ba tare da na faɗi dalili ba. Na ce masa tana shanye batir. Ya ce batirinsa lafiya lau. Na ce na ji ana cewa tana lalata wayoyin wutar mashin. Ya ce wa ya faɗa. Ya yi dariya ya ce ni da na saita ta ni ce kuma nake kishi da ita.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na same shi a zaure yana canza baƙin mai. Na tsuguna kusa da shi na ce ina da magana, amma sai ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ya ce shi ba ya alkawari a kan abin da bai ji ba. Na faɗa masa duk da haka, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Na tuna masa safiyar da mashin ya mutu masa a ƙofar gida, na ce ni ce, daga ɗaki. Ya ajiye sifana, ya daɗe yana kallon kujerar mashin ɗin.

"Kowa na iya hakanga?"

"Duk wanda ya gano, Yaya."

"Tun yaushe kis sani?"

Na faɗa masa tun farkon damina. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Gobe da sahe za ni hwaɗa musu tasha. Kowa shi cire."

"In ka faɗa a tasha, wa zai ji?" na ce. "Na Gummi su cire, to na Anka fa? Na Bukkuyum fa, da na sauran garuruwa da labarin zai isa daji kafin ya isa wurinsu? Yanzu ƙila ba wanda ya sani sai ni da kai. Ka cire taka kawai, ka yi shiru, sun ce sun kusa gyarawa."

"In cire tawa in bar su da tasu? Mi kim mai da ni?"

"Na mai da kai wana. Su ba ni da iko da su."

Ya san gaskiya na faɗa game da informa, ya fi ni sani. Ni ma na san abin da na roƙe shi ya fi ƙarfinsa. Da ya tashi ya ce ba zai faɗa ba, amma ba zai cire tasa ba. Abin da zai sami 'yan uwansa a hanya ya same shi tare da su. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce wannan taurin kai ne ba jarumta ba, ya ja mashin ɗinsa ya shigar da shi ciki. Na je neman sauƙi, na dawo da marasa sukuni biyu a gida ɗaya.

Daga nan Yaya ya canza. Mutumin da sai an yi kiran magariba ake raba shi da hirar tasha, ya koma yana sauke fasinja ya juyo gida. Ya daina cin abinci da su, ya ce cikinsa ne. In ya shigo ba ya ce mini sannu, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sun gyara?" In girgiza kai, ya wuce. Inna ta ɗauka faɗa muka yi a kan kuɗi, ta yi ta yi mana nasiha a kan zumunci, mu biyu muna sunkuye.

Yaya yana da amini ɗan Bukkuyum, tare suka koyi mashin, tare suke cin abinci a tasha kafin Yaya ya janye. Mutum ne siriri mai yawan tsokana, ya ɗauke ni ƙanwa, ba ya kirana sai da injiniya. Wata rana da azahar Yaya ya shigo gida ƙafafunsa duk laka, ba sallama. Ya ce an ɗauke aminin nasa da safe, shi da fasinjansa da mashin, a kan hanyar Gummi zuwa Bukkuyum. Ya miƙo mini wani ɗan kwali. Kwalin tirakar aminin ne, ya karɓo wurin matar aminin, lambar tana manne a jiki.

"Duba min inda shi ke."

Na tsaya da kwalin a hannu. Na yi alkawarin ba zan sake duba tirakar wani ba, kuma kamfanin zai iya gane na duba. Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, don ya zo: na tuna da sunana a shafin nan, da duk watannin da na yi ina haɗiye fushi saboda shi. Tunanin bai daɗe ba, amma Yaya ya gan shi a fuskata.

"Mi ki ka jira?" ya ce.

Na buɗe kwamfuta na sa lambar. Ɗigon ya fito a cikin daji, nesa da kowace hanya, a tsaye wuri ɗaya. Na nuna masa, na kwatanta masa da garuruwan da ke kusa har ya gane wurin. Muka yi shawara ya ce kamfanin ne ya ba shi bayanin, don in aka ji cewa ƙanwar wane tana zaune a ɗaki tana ganin inda kowane mashin yake, ba mai tsayawa jin bayani, sunan da za a kira ni da shi informa ne, kuma mun ga yadda ake yi da wanda aka kira haka.

Ya hau mashin ya tafi Bukkuyum wurin baffan aminin. Bayan la'asar ya dawo. Ya ce tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa sun gode, amma wannan wurin ai ko yaro ya san nan suke. Ba sanin wuri ne ya gagara ba, mai shiga ne babu. Abin da na sayar da alkawarina a kansa ke nan, labarin da duk garin ya riga ya sani.

Ban jira su gano ba, na rubuta wa kamfanin na faɗi abin da na yi da dalilina. Na kuma yi tambayar da ke cina: su duba mini ko akwai wanda ya aika umarnin kashe injin wannan mashin a safiyar nan. Wannan karon ba mutumin nan mai ladabi ne ya amsa ba, wani ne daban mai rubutu irin na lauya. Ya ce na karya sharaɗi, saboda haka ba tukuici, ba suna. Ya ce ba za su kai maganar gaba ba muddin na ci gaba da yin shiru. Game da tambayata kuwa, ya ce tsarinsu ba ya ajiye bayanin wanda ya aika umarni, don haka ba su da abin da za su gaya mini.

Kafin mako ya zagayo suka toshe ɓarakar. Na gwada da mashin ɗin Yaya, ƙofa ta rufu gam. Ya kamata in yi murna, amma baƙin ciki ne ya cika ni, don na ga ashe aikin da suka ja damina guda suna yi bai fi na 'yan kwanaki ba, sai da suka ji an ɗauki mutum sannan suka ga dama. Na kan shiga shafin godiyarsu lokaci-lokaci in karanta sunayen mutanen wasu ƙasashe. Ina jin zafin rashin nawa har yanzu, duk da na san ko sun ba ni ƙila da tsoro zai hana ni karɓa.

An sako aminin Yaya bayan an fara yankan gero. Danginsa sun sayar da abin da suka sayar. Yaya ya ɗauke ni a mashin muka je Bukkuyum yi masa barka da arziki. Muka same shi kwance a kan tabarma a inuwar ɗakin mahaifiyarsa, ƙafafunsa a kumbure, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya gan ni ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, kin zaka?" Na gaishe shi na zauna cikin mata.

Mutane suna ta shigowa, kowa sai ya tambaye shi yadda abin ya faru, shi kuma yana maimaitawa ba gajiya. Ya ce ya taso lafiya, hanya shiru, har ya zo kwanar nan da ke gaban wata tsamiya, inda dawa ta rufe gefe da gefe.

"Sai mashin yam mutu da kainai. Ban taɓa komi ba. Nib buga, nis sake bugawa, ina cikin bugawa sunka hito."

Wani dattijo ya ce ai fetur ɗin bakin hanya ne, duk ruwa suke zubawa a ciki. Wani ya ce ƙaddara ce, in ta zo ko sabon mashin sai ya tsaya. Aka yi ta jinjina kai. Ni dai na kafa ido a kan tabarma. Ban dubi inda Yaya yake ba, kuma na san shi ma bai dube ni ba.

Da rana ta fara sanyi muka kamo hanyar gida, don ba a yin yamma a wannan hanyar. Muna cikin tafiya na ji Yaya ya rage gudu, ya sauka gefe, ya kashe mashin. Ga tsamiya, ga kwana, ga dawa ba a yanke ba tukuna ta yi duhu dama da hagu. Ba mota, ba mutum, ba ko kukan tsuntsu.

"Nan na," ya ce.

"Yaya, don Allah mu tafi. Ba a tsayawa a nan."

"Ke kis san abinga. Hwaɗa min. Fetur na, ko mutum na?"

"Ban sani ba."

"Ba ki iya dubawa?"

"Ba inda zan duba. Ba su ajiye ba. Ba wanda zai taɓa sani."

Ya kalli ƙasa, inda ruwan sama ya riga ya wanke duk wani sawu.

"In da mun hwaɗa musu tun rannan?"

"Da ƙila ya cire tasa ya tsira. Da ƙila daji ya ji, a ɗauki mutum goma maimakon ɗaya. Ƙila kuma fetur ne, Yaya, mashin yana mutuwa kullum."

"Ƙila," ya ce. "Ke kina da ƙila. Ni kullum da sahe shina tambaya ta ko akwai labari, ina ce mai babu."

Har yau ina ganin shirun da na yi a kan ɓarakar shi ne daidai, kuma da za a maimaita haka zan yi, amma a wurin nan, a bayan wana, ban iya buɗe baki na faɗi haka ba. Na sake roƙonsa mu tafi. Ya gyara zama ya buga kik, mashin ɗin bai tashi ba. Na ji bayansa ya sandare a gabana, mu biyu muka juya muna kallon dawar. Ya sake bugawa da ƙarfi, injin ya kama, muka tafi, kuma har muka shiga Gummi hannuna bai saki rigarsa ba.